Bayani: Man girki a Najeriya, daga dalar gyaɗa zuwa jarkar manja

A kasuwannin Bakori da Funtua da Malumfashi, kamar sauran kasuwannin arewacin Najeriya, duk wani farin mai da ake suya da shi sunansa man gyaɗa.

Sai dai kuma a yau, kaso mai yawa na man da ake ɗurawa a kwalabe da galan-galan ana sayarwa da wannan suna, babu ko ƙwayar gyaɗa a cikinsa. Wani manja ne da aka tace aka raba shi da launinsa da ƙamshinsa, wani na waken suya ne, wani kuma gaurayensu ne.

Sunan dai gado ne daga zamanin da Najeriya ke kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma ta fi kowace ƙasa samar da manja. Yanzu man da ƙasar ke samarwa ba ya isar jama'arta, sai ta haɗa da wanda ake shigowa da shi, akasari daga Malesiya da Indunusiya.

Ire-iren man da ake ci

Manja shi ne ya fi yawa a cikin man da Najeriya ke samarwa, kuma shi aka fi ci. Ana samunsa ne daga jan naman kwakwar manja da ke fitowa a jihohin kudu. Daga ƙwallon da ke cikin kwakwar kuma ake fitar da alayyadi, wanda akasarinsa masana'antun sabulu ke saye.

A arewa akwai gyaɗa da waken suya da angurya da riɗi. Ƙwayar gyaɗa da riɗi kusan rabinsu mai ne, yayin da waken suya da angurya ba su wuce kashi 20 cikin 100 ba.

Bayan waɗannan akwai man kaɗe, da man shanu da matan Fulani ke kawowa kasuwa, da kuma kitse da kakiɗe na mahauta. Suna da matsayi a girkin Hausawa, amma cinikinsu ba ya shiga alkaluman hukuma yadda ya kamata.

Zamanin gyaɗa

Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa layin dogo zuwa Kano, wanda ya isa birnin a 1911, auduga suke hanƙoron samu domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano sai suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kawo musu kuɗi, kuma ko da ciniki ya ƙi, abinci ce.

Zaɓin nasu ya dace da wani sauyi a Turai. An ƙirƙiro majarin, wato botar talaka, a Faransa a 1869, kuma a farkon ƙarni na 20 aka gano hanyar daskarar da man tsirrai domin yin ta. Nan da nan masana'antun Birtaniya da Holan da Jamus suka shiga neman gyaɗa ruwa a jallo.

Daga kakar 1912 gyaɗa ta fara cika tashar jirgin ƙasa ta Kano. Fatake Hausawa da suka goge a cinikin goro su ne suka shiga ƙauyuka suna saye, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Niger Company a 1918.

Masu yin sabulu da majarin ba su tsaya jira a Turai ba. A 1920 kamfanin sabulu na Lever Brothers ya sayi Niger Company, wanda daga baya ya zama wani ɓangare na UAC a 1929. A wannan shekarar ce kuma Lever Brothers ya amince ya haɗe da masu yin majarin na Holan, aka samar da Unilever. Ke nan mai saye a Kano da mai matsewa a Turai duk gida ɗaya ne.

Dalar gyaɗa da ake yawan tunawa da ita, wadda akan jera buhu kusan 15,000 a kowace ɗaya, alamar arziki ce, amma kuma alamar gazawar jirgin ƙasa ce, domin ba ya iya kwashe amfanin shekara guda zuwa Legas kafin wata kakar ta zagayo.

Tun daga shekarun 1940 wasu baƙin 'yan kasuwa irin su George Calil da P.S. Mandrides suka kafa injinan matse gyaɗa a Kano, sai dai mafi yawan gyaɗar ta ci gaba da fita ne ɗanya. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda a 1954 ta narke cikin hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa. Hukumar ce ke yanke farashi, kuma shekaru da dama abin da take biyan manomi bai kai na kasuwar duniya ba. Da rarar gwamnati ta yi ayyukan raya ƙasa masu yawa, amma manomi ne ya biya.

Yankin kaɗa

Kudancin Katsina labarinsa ya ɗan sha bamban. Gyaɗa ta fi son jigawa, irin ƙasar arewacin Katsina da Kano da Daura. Yankin Funtua da Bakori da Malumfashi kuwa ƙasarsa ta fi nauyi kuma ruwan sama ya fi yawa, shi ya sa ya zama cibiyar auduga, ko kaɗa kamar yadda Katsinawa ke kiranta.

Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, BCGA, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, ta girka injinan gurza a Funtua da Malumfashi, kuma har yanzu akwai unguwa a Funtua da ake kira da sunanta. A shekarun 1920 aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, sannan layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929.

Abin da ya haɗa auduga da man girki shi ne angurya. Idan manomi ya kai buhun auduga fuloti, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa angurya ce, zaren bai wuce kashi ɗaya ba. Da can akan ware wadda za a raba wa manoma kyauta a matsayin iri, sauran kuma a fitar da ita waje. Daga baya ne aka kafa kamfanin matse angurya na Funtua, domin a fitar da man a gida, dusar da ta rage kuma a sayar wa masu kiwo.

Man angurya ba irin wanda mace za ta matse a turmi ba ne. Ɗanyensa baƙi ne, kuma yana ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira gosifol, wanda sai an tace shi a masana'anta kafin ya ciwu. Wannan ne ya sa rayuwar man angurya ta dogara kacokan ga masana'antu biyu, na gurza da na matsa, su kuma suka dogara ga masaƙu.

Darajar yankin ta kai har lokacin da gwamnatin soja ta sake fasalin hukumomin cinikin amfanin gona a 1977, aka ajiye hedikwatar hukumar auduga ta ƙasa a Funtua, ta gyaɗa kuma a Kano.

Yadda al'amura suka juya

Cikin shekaru kaɗan abubuwa uku suka haɗu a kan gyaɗa. Na farko fari ne da aka yi daga 1972 zuwa 1974. Na biyu annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, wadda ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin ƙasar, aka ƙiyasta asarar da dala miliyan 250. Na uku kuma kuɗin man fetur, wanda ya ɗaga darajar naira, ya janye matasa zuwa birane, ya sa shigo da kaya ya fi noma su sauƙi.

Kafin ƙarshen shekarun 1970 fitar da gyaɗa ya tsaya, dalar ta ɓace.

A daidai wannan lokaci ne, a 1975, aka ƙaddamar da shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya ƙunshi gundumomin Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Ya kawo takin zamani mai rahusa da hanyoyin karkara da ingantaccen iri, kuma amfanin da ya fi cin gajiyarsa shi ne masara. Manomin da ya ga abin da buhun taki ke yi wa masara, da wuya ya koma wa gyaɗar da ta ci amanarsa.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Manomi ya samu 'yancin sayarwa ga wanda ya ga dama, sai dai tare da hukumomin aka rushe tsarin raba iri da tantance inganci. Irin auduga ya gauraye, amfani ya ragu.

Da masaƙun Kaduna da Kano suka shiga durƙushewa, musamman bayan rufe Kaduna Textiles a 2002 da UNTL a 2007, masu sayen zare suka yi ƙaranci, noman auduga ya ja baya, angurya ta yi wuya. An amince da sabon irin auduga mai jure wa tsutsa a 2018, kuma a 2019 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da rabon iri ga manoman auduga a Katsina, amma man angurya bai koma matsayinsa na da ba.

Gyaɗa ba ta ɓace ba

Akwai wani kuskure da ake yawan yi, na ɗaukar cewa ɓacewar dala na nufin an daina noman gyaɗa. Alkaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 'yan shekarun nan Najeriya na noma sama da tan miliyan 4 na gyaɗa da ɓawonta a shekara, fiye da ninki biyu na abin da ake samu a shekarun 1960. Ƙasar tana sahun gaba a duniya, bayan Sin da Indiya.

Abin da ya sauya shi ne yawan bakunan da ke ci. Ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, yanzu kuwa ana ƙiyasta sun haura miliyan 220. Gyaɗar da a da ake lodawa zuwa Libaful, yanzu a gida take ƙarewa: soyayya da dafaffiya, kunun gyaɗa, miyar taushe, yajin tsire da kilishi, da kuma mai da ƙuli-ƙuli.

Wani babban kaso na man gyaɗa na ainihi a cikin gidaje ake matse shi, kuma sana'ar mata ce. Ana soya gyaɗar sama-sama, a murje ɓawon, a kai inji a markaɗa, sannan a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa a turmi har man ya taso. Abin da ya rage shi ne tunkuza, wadda ake mulmulawa a soya a cikin man, ta zama ƙuli-ƙuli.

Masaniyar nan 'yar Birtaniya, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta ja hankali kan wannan ciniki na cikin gida, wanda mata ke gudanarwa daga ɗakunansu ta hannun yara masu talla, ba tare da jami'in ƙididdiga ya gan shi ba. Har yau haka abin yake, illa dai injin markaɗe ya ɗauke musu wahalar daka, a wasu garuruwan kuma akwai ƙananan injinan juya tunkuza.

Tun da fiye da rabin nauyin gyaɗar a tunkuza yake komawa, cinikin ƙuli-ƙuli ne ke riƙe da sana'ar. In ba don shi ba, man turmi ba zai iya gogayya da na jarka ba.

Ta fuskar iri kuwa an samu ci gaba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tare da cibiyar ICRISAT, sun fitar da jerin irin da ake kira SAMNUT masu jure wa kuturta, ciki har da SAMNUT 24 na 2011 mai saurin nuna. Matsalar da ta rage ita ce yadda irin zai isa hannun ƙaramin manomi.

Dalilin da ya sa manja ya yi rinjaye

Amsar tana cikin lissafin gona. Hekta guda ta gyaɗa a Najeriya takan ba da tan ɗaya ko ɗan sama da haka da ɓawo. In an ɓare, sai a samu kamar kilo 700, wanda man da zai fita daga ciki kimanin kilo 300 ne. Hekta guda ta kwakwar manja a manyan gandayen Malesiya da Indunusiya kuwa tana ba da tan 3 zuwa 4 na mai, kuma bishiyar na haihuwa rani da damina har tsawon shekara 25.

Wato wajen ninki goma ke nan. Babu wani tsarin gwamnati da zai goge wannan tazara.

A matatar mai, ana cire wa ɗanyen manja launi da ƙamshi, sannan a sanyaya shi a raba shi gida biyu: mai ruwa-ruwa da mai kauri. Mai kaurin na tafiya masana'antun sabulu da majarin da biskit, mai ruwan kuma shi ne ake zubawa a jarkoki masu lita 25. Matan gida sun daɗe da gano shi, domin da hunturu ya kama sai ya yi gizo-gizo ko ya daskare a gindin kwalba, alhali man gyaɗa na ainihi yana nan a narke.

A farkon shekarun 1960 Najeriya na samar da sama da kashi 40 cikin 100 na manjan duniya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗa ne a tsakiyar yankin kwakwa, kuma bayansa hankalin hukumomi ya koma kan man fetur. A halin yanzu rabon ƙasar bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, yayin da Indunusiya da Malesiya ke riƙe da kusan kashi 85.

Ƙiyasin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka na 'yan shekarun nan ya sanya manjan Najeriya a kan kimanin tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, wato ta biyar a duniya, bayan ƙasashen biyu da Tailan da Kolombiya. Mafi yawansa daga ƙananan manoma da kwakwar daji yake fitowa, kuma hanyoyin gargajiya na barin mai da yawa a cikin tuƙa. Manyan gandaye irin na Okomu da Presco a Jihar Edo kaɗan ne.

Akwai labarin da ya shahara a bakin 'yan siyasa, cewa wai daga Najeriya Malesiya ta ɗebi irin kwakwa a shekarun 1960. Gaskiya ne bishiyar 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, kuma an yi musayar iri tsakanin masu bincike na Malesiya da cibiyar NIFOR da ke kusa da birnin Benin, wadda tushenta ya faro tun 1939. To amma kwakwar manja ta isa Asiya tun kafin a haɗe Najeriya: a 1848 aka dasa bishiyoyi huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba, kuma a 1917 aka buɗe gandun kasuwanci na farko a Malaya.

Hani, haraji da fasa-ƙwauri

Tun daga 1986 gwamnatocin Najeriya ke kai-komo tsakanin hana shigo da mai da kuma buɗe ƙofa. Masu gandayen kwakwa na son a rufe, masu matatu na son a bar ɗanyen mai ya shigo, mai saye kuma araha yake nema.

A 2008 aka cire ɗanyen mai daga jerin kayan da aka haramta, aka ɗora masa harajin kashi 35 cikin 100, amma aka bar hani a kan tataccen mai. Manufar ita ce a riƙa tacewa a cikin gida, kuma hakan ya jawo jari. A 2010 kamfanin PZ Cussons da Wilmar na Singafo suka yi haɗin gwiwa, suka gina matata a Ikorodu, mai fitar da Mamador da Devon King's, suka kuma farfaɗo da tsofaffin gandaye a Kuros Riba. A 2025 Wilmar ya amince ya sayi rabon abokin haɗin gwiwar tasa.

A watan Yunin 2015 Babban Banki ya sanya manja da man girki cikin kayayyaki 41 da aka hana wa dala a farashin hukuma, matakin da ya ci gaba har zuwa Oktoban 2023. Gwamnan bankin na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya ce a 2019 ƙasar na kashe kimanin dala miliyan 500 a shekara wajen shigo da manja.

Duk lokacin da farashin cikin gida ya zarce na maƙwabta, jarkoki kan sami hanya. Man da aka sauke a tashar Kwatano na shigowa ta iyakar Jamhuriyar Benin, wani kuma ya haura Nijar ya gangaro ta Maraɗi zuwa Jibiya. Masu matatu sun daɗe suna ƙorafin cewa ana fakewa da yarjejeniyar ciniki marar haraji ta ECOWAS, a kawo man Asiya a ce na maƙwabta ne.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019. An buɗe huɗu daga ciki a Disamban 2020, ta Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022. Rufewar ta yi wa masu gandaye daɗi, ta ɗaga farashi a kasuwa, amma fasa-ƙwauri bai daina ba.

Waken suya

Amfanin da ya maye gurbin auduga a gonaki da dama na Bakori da Danja da Ƙafur da Dandume shi ne waken suya. Da can an fi saninsa a ƙasar Tibi ta Binuwai, amma ire-iren da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, waɗanda ba sa fashewa a gona da wuri, sun ba shi damar haurowa arewa.

Ya dace da manomin masara: ba ya cin taki da yawa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma juya shi da masara na rage wuta-wuta. Najeriya na noma sama da tan miliyan ɗaya a shekara, tana cikin na gaba a Afirka.

Sai dai ba don mai ake rububinsa ba. Kashi huɗu cikin biyar na waken dusa ce mai gina jiki, kuma ita masu gidajen kaji da na kifi ke nema. Man ƙari ne kawai, shi ya sa farashin wake a kasuwar Funtua ya fi bin halin da masu kiwon kaji ke ciki, da kuma zuwan dillalan da ke fitar da shi zuwa Indiya, a kan bin farashin kwalbar mai.

Waken da tireloli ke ɗauka daga yankin na tafiya ne zuwa kasuwar Dawanau da masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano, ko Sunseed a Zariya, ko Grand Cereals a Bukur kusa da Jos, ko kuma can kudu. Daga nan man ya dawo cikin galan mai tambari, manomin da ya noma waken ya saye shi da farashin birni haɗe da kuɗin mota. Abin da ake sarrafawa a gida bai wuce awara da madara da daddawa ba.

A kan wannan kuma ga matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara da wasu sassan Bakori sun tilasta wa manoma da dama barin gonakin da ke nesa da gari, waɗanda su ne manya.

Farashi

Shekarar 2022 ta nuna yadda tukunyar Bahaushiya ke ɗaure da kasuwar duniya. Rasha da Yukren ne ke fitar da mafi yawan man furen rana na duniya, kuma da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a watan Fabrairu, masu saye suka koma kan manja. A watan Maris farashin man girki ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba a ma'aunin Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga 28 ga Afrilu zuwa 23 ga Mayu kuma Indunusiya ta dakatar da fitar da manja domin kare jama'arta.

Indunusiya na kuma ƙara yawan manjan da take gaurayawa da man dizal, daga kashi 35 cikin 100 a 2023 zuwa kashi 40 a 2025, abin da ke rage wanda ya kamata ya fita kasuwa.

A cikin gida, cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni sun zo a jere. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, har na gida, domin masu manjan kudu da masu matse gyaɗa duk da farashin na waje suke auna nasu.

Akwai kuma hawa da sauka na shekara-shekara. Manja kan yi sauƙi a watannin farko na shekara zuwa shigowar damina, lokacin da kwakwa ta fi haihuwa, gyaɗa kuma da kaka. Da azumi da bukukuwan Sallah buƙata kan ƙaru saboda ƙosai da soye-soye da suyar nama.

Inganci da lafiya

Tun farkon shekarun 2000 doka ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a man girki da sukari da fulawa, kuma kayan da suka cika sharaɗin na ɗauke da tambarin ido. Matsalar ita ce talaka ba galan mai tambari yake saye ba, sai wanda aka tsiyaya daga duro ko jarka zuwa kwalba ko leda, kuma ko da an zuba bitamin ɗin, ajiye kwalba a rana na kashe shi. Wani abin ban mamaki shi ne jan manja da kansa yana cike da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, tacewa ce ke cire shi, sannan a dawo a ƙara na masana'anta.

Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu zuba rini a manja domin ya ƙara ja, musamman wanda ake kira Sudan, da ake dangantawa da cutar daji. A dokokin mai da kitse na 2022 hukumar ta kuma ƙayyade wani nau'in kitse mai illa ga zuciya, wanda ke samuwa wajen daskarar da mai a masana'anta, da kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100.

Ita kuwa gyaɗa abokin gabarta shi ne afulatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa idan ba a busar da ita da kyau ba, wadda ke lahanta hanta. An gano gubar ne bayan mutuwar dubban talo-talo a Ingila a 1960, sakamakon cin dusar gyaɗa daga Barazil. Tacewar masana'anta na raba mai da ita, amma a matsar gida mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yara ke ci. Ita ce kuma babban shingen da ke tsakanin gyaɗar Najeriya da kasuwannin Turai. Cibiyar IITA ta samar da maganin da ake watsawa a gona mai suna Aflasafe domin rage ta.

Riɗi da kaɗanya

Waɗannan biyun su ne suka gaji tsohon tsarin gyaɗa, na noma a gida a matse a waje. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai na cikin manyan amfanin gona da ke kawo wa ƙasar kuɗin waje, kuma kusan dukkansa ɗanye yake tafiya Japan da Sin da Turkiyya. A watan Mayun 2024 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtua, wadda aka gina domin sauƙaƙa fitar da irin waɗannan kaya.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan ƙwaryar kaɗanya, wadda matan karkara ke tsintowa da damina, kuma kamfanonin cakulan da na man shafawa na Turai da Asiya ke saye. A watan Agustan 2025 gwamnatin Bola Tinubu ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar kaɗanya na tsawon wata shida, domin masana'antun cikin gida su sami abin matsewa. Cikin 'yan kwanaki farashin da ake biyan matan ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin uku.